Tambaya da Amsa: Wai wannan rim ɗin na wace mota ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai ina gyaran wata tsohuwar Volkswagen Beetle ce ƙirar 1964, na sauke komai nata sai gangar jiki kawai, to wanda ya sayar min da ita ya haɗa min da tarkacen kaya da rim guda biyar, huɗu duk iri ɗaya ne amma na biyar ɗin ya fita daban. Shi ma ramin noti biyar ne masu nisa da juna kamar sauran, tsakiyarsa a buɗe wawakeke, sai dai shi yana da wasu ramuka dogaye da suka zagaye shi, kuma da na jera su a ƙasa sai na ga kamar ya ɗan fi su faɗi. Fenti ya kai hawa uku a jikinsa ga tsatsa, ban ga rubutun komai ba. Makanikena ya ce na Beetle ne in sa kawai a wuce wurin, wani abokina kuma ya rantse na Porsche ne wai in ɓoye shi. Don Allah ya zan yi in gane?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da makaniken naka da abokin naka duk da ido suka yi magana, kuma kowannensu zai iya yin daidai, don Beetle ta wancan zamanin da Porsche 356, in ban da ƙirarta ta ƙarshe 356C, zagayen notinsu ɗaya ne, noti biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 205. Har tsohuwar bas ɗin Volkswagen ma haka take har zuwa ƙirar 1970. Kama da wane ba ta wane, sai an auna.

Amma kafin awo, rubutun nan da ka ce babu, yana nan, fenti ne ya binne shi. Masu ƙera rim na ƙarfe buga lambobi suke yi a jikin ƙarfen, kuma wuraren da za ka duba su ne fuskar rim ɗin tsakanin ramukan noti, sai kusa da ramin da kan tiyub yake leƙowa, sai cikin kwarin da taya take rufewa. In da tsohuwar taya a jiki a cire ta tukuna. Ka samu burushin waya na hannu da ɗan maganin cire fenti ka bi a hankali, kar ka yarda a sa masa injin gurza ƙarfe, bugun ba shi da zurfi, sau biyu injin zai wuce ya shafe maka shaidar gaba ɗaya. Idan fentin ya fita ka kai shi wuri mai ɗan duhu ka haska tocila daga gefe, kwance da ƙarfen, inuwa za ta faɗa cikin lambobin su fito, in sun ƙi ka goga alli a wurin ka share da yatsa, farin zai maƙale a cikin bugun.

Abin da za ka gani kamar haka ne, 4J x 15 ko 4½J x 15. Na farkon faɗi ne da inci, J ɗin siffar leɓen rim ɗin ce, 15 kuma girman tayar da yake ɗauka. Za ka iya ganin tambarin kamfanin da ya ƙera, a motocin Jamus na lokacin galibi Lemmerz ne ko Kronprinz wanda yake buga KPZ, kuma kusa da shi akwai wata da shekara, misali 5 66, wato watan Mayu na 1966. In akwai alamar VW da lamba mai farawa da 111 601 to magana ta ƙare, 111 Beetle ce, 601 kuma rukunin rim ne a tsarin lambobin Volkswagen.

To a ce tsatsa ta cinye komai. Sai awo, kuma a nan ne mutane suke ɓata lissafi don suna ɗora tef daga leɓe zuwa leɓe. Ba a auna rim a leɓe, ana auna shi ne a inda bakin taya yake zama daga ciki, shi ya sa rim mai inci 15 in ka auna shi ta waje zai ba ka sama da 16, faɗin ma haka, ta waje yana ƙaruwa da wajen inci ɗaya. Ka sa tef tsakanin leɓɓan biyu ta ciki. In ka samu inci 4, kuma ga ramukan iska dogaye, to na Beetle ne amma na ƙirar 1966 ko 1967, don a 1966 ne Volkswagen ta fara yi wa rim ɗin waɗannan ramukan ta kuma canza murfinsa ya zama shafaffe, daga ƙirar 1968 kuma aka koma noti huɗu a kan milimita 130. Naka huɗun marasa ramuka su ne daidai da 1964. In kuma ka samu inci 4 da rabi to abokinka ya fara samun gaskiya, don faɗin rim ɗin 356 ke nan tun daga 356A, amma kar ya yi saurin murna, kamfanoni da yawa sun yi kwaikwayon wannan rim ɗin daga baya saboda masu Beetle, wanda aka fi sani shi ne Mangels na Brazil da yake yin mai 4 da rabi da mai 5 da rabi, shi ya sa ba tare da tambarin Lemmerz ko KPZ da kwanan wata ba, mai sayen kayan Porsche ba zai ko ɗaga kai ya kalle ka ba. Sannan dubi girman ramin notin kansa, Beetle mai noti biyar da noti mai kaurin milimita 12 take aiki, bas da 356 kuma 14.

Tunda ka ce ya fi sauran faɗi, ni na fi karkata ga 4 da rabi, kuma ko na wace mota ce ba zan sa shi a ƙafa ɗaya sauran uku suna inci 4 ba. A safaya dai ba laifi in notinka ya zauna daidai a ramin. In ya tabbata na 356 ne na asali to sayar da shi ya fi, ka nemo na biyar irin naka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, Mercedes 230E nake da ita irin W123 ɗin nan, rim ɗaya ya lanƙwashe sai na samo wani mai inci 14 noti biyar, ya hau kan hob ɗin, wato ƙarfen da ake ɗaure rim a jikinsa, lafiya lau, noti biyu sun shiga sumul, na uku da ƙyar, sauran biyun sai an ɗan tilasta. Mai gyaran ya ce zai ɗan faɗaɗa ramukan da fayil shi ke nan. Babu sunan kowace mota a jiki. In bar shi ya yi?

AMSA: A'a Alhaji, kar ka bar shi, kuma in ya riga ya sa fayil to wannan rim ɗin ya zama na jefarwa.

Abin da ka kwatanta alama ce ta zagayen noti da bai zo ɗaya ba. Mercedes noti biyar ne a kan milimita 112, shi kuma rim ɗin da ka samo ina kyautata zaton 114.3 ne, wato inci 4 da rabi, wanda yake a motocin Japan da yawa da tsofaffin Ford na Amurka irin su Mustang. Bambancin milimita 2.3 ne kacal a faɗin da'irar, kowane noti ya goce da milimita ɗaya da 'yan kai, ido ba zai taɓa gani ba amma ƙarfe yana ji. Notin taya ba a ɗaure yake kawai ba, wuyansa yana zama ne a cikin wani ɗan gurbi da aka yi masa a bakin ramin, shi yake daidaita rim ɗin a tsakiya ya kuma hana notin kwancewa. In ya goce to gefe ɗaya na wuyan ne kawai yake taɓa gurbin, kana ɗaurewa yana lanƙwasa notin, mota tana tafiya yana motsi kaɗan kaɗan, yau sitiyari na rawa gobe noti ya saki, wata rana ya karye, kuma ba ya karyewa a gareji sai kana kan gudu.

Ga yadda za ka tabbatar da kanka. Rim mai noti huɗu ko shida ba wuya, tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda yake fuskantarsa, shi ke nan. Mai biyar babu ramin da yake fuskantar wani, saboda haka sai ka auna tsakanin ramuka biyu maƙwabta, tsakiya zuwa tsakiya, ka ninka da 1.701. In 112 ne za ka samu wajen milimita 65.8, in 114.3 ne wajen 67.2. Tef ɗin tela ba zai raba maka waɗannan ba gaskiya, nemi ma'aunin ƙarfen nan mai baki kamar sifana da masu aikin injin suke auna kauri da shi, kuma tunda tsakiyar rami iska ce ba abin da za ka dafa, auna daga bakin hagu na rami ɗaya zuwa bakin hagu na na kusa da shi, lissafin ɗaya ne. Irin wannan tarkon akwai shi tsakanin BMW mai 120 da tsofaffin Chevrolet masu 120.65, da kuma Fiat mai noti huɗu a kan 98 da motocin da suke 100.

Ko da awon ya ba ka 112 ɗin ma da sauran magana. Ramin tsakiya na Mercedes wajen milimita 66.6 ne, Volkswagen da Audi da yawa su ma 112 suke amma raminsu 57.1, ba zai hau hob ɗinka ba sam. Gurbin notin Mercedes kuma zagayayye ne kamar rabin ƙwallo, na yawancin motocin Japan da rim ɗin kasuwa mai tsini ne, in ka sa noti mai zagayayyen wuya a gurbi mai tsini to a kan siririn layi kawai suke haɗuwa. Sai kuma ET, wanda shi ne mutane suka fi mantawa. Lamba ce da take nuna nisan fuskar da take manne wa hob daga tsakiyar faɗin rim ɗin, da milimita. Na W123 na asali 5½J x 14 ne ET30. Na W124 da ta biyo bayanta zagayen noti da ramin tsakiya duk iri ɗaya ne da naka, amma ET ɗinsa wajen 49, in ka sa shi tayar za ta shige ciki da kusan santimita biyu ta je tana neman gugar abin da ke bayanta. In ba a buga ET ba ka kifa rim ɗin, ka ɗora miƙaƙƙen katako a kan leɓensa na baya, ka auna daga katakon zuwa fuskar da take taɓa hob, sannan ka cire rabin faɗin rim ɗin gaba ɗaya na waje. Misali faɗin waje 166, rabinsa 83, zurfin baya 113, ka ga 30 ke nan.

Rim ɗin Mercedes na gaske ba ya ɓoye kansa, akwai tauraro da lamba mai alƙaluma goma a jiki, na motarka zai fara da 123 400. Wanda ya lanƙwashe ɗin ma kar ka yar tukuna, in leɓe ne kawai ya lotsa kuma na ƙarfe ne ana iya miƙar da shi, kuma shi ne samfurin da za ka riƙe a hannu in ka tafi neman wani.

Af, da yake wasiƙu irin wannan suna yawa, masu turo hoto don Allah ku daina turo fuskar rim kaɗai an wanke ta tana ƙyalli. Bayan rim ɗin nake so, da hoton kowane rubutu kusa kusa, da tef a ɗore a kan ramuka. Rim na alminiyam yawancin bayanansa a bayan ƙafafunsa suke, in ka ga JWL ko VIA ka san ƙa'idar Japan ce, in KBA ne da lamba to rajistar Jamus ce.

TAMBAYA: Malam na sayi rim huɗu na alminiyam masu tambarin BMW don tsohuwar 528i ɗina ta 1984, sun hau motar daidai ba matsala. Matsalar taya ce, mai inci 15 ta ƙi shiga duk da mai faci ya yi iya ƙoƙarinsa har da sabulu, mai 16 kuma ta yi masa yawa. Wane irin rim ne wannan kuma?

AMSA: Ka gode wa Allah da ta ƙi shiga. Juya bayansa ka duba, ina da yaƙinin za ka ga wani abu kamar 165 TR 390. Wannan rim ɗin TRX ne, tsarin da Michelin ta fito da shi a 1975, da milimita aka yi shi ba da inci ba, kuma BMW ta sa shi a manyan motocinta na shekarun 1980, haka Peugeot da Citroën da Ferrari da Ford Mustang ta 1979. Inci 15 milimita 381 ne, 16 kuma 406, shi ko 390 yana tsakiya, ba na kowa ba. Ba girman kaɗai ba ma, leɓensa a kwance yake fiye da na rim ɗin da aka saba, an yi shi ne don bakin tayar TRX kawai. In aka matsa wa taya mai 15 ta hau da ƙarfin tsiya wayar da ke cikin bakinta tana iya tsinkewa lokacin da ake ba ta iska, kuma mai facin da ya sunkuya a kanta shi zai fara jin jiki.

In rubutun ya goge ka zagaya igiya a inda bakin taya yake zama ka auna tsawonta, rim mai 15 zai ba ka wajen milimita 1,195, mai 390 kuma wajen 1,225. Har yanzu Michelin tana yin tayar TRX a jerin tayoyinta na tsofaffin motoci, irin su 200/60 VR 390, sai dai da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. In so kake motar ta koma yadda ta fito daga kamfani to riƙe su ka nemi tayar sabuwa, kar ka sayi tsohuwar TRX da ta shekara talatin a ajiye don kawai zanenta bai cinye ba, robar ta bushe. In hawa za ka riƙa yi kullum, nemi rim ɗin BMW na inci 14 ko 15 na wannan ƙirar, noti biyar a kan 120, ka huta.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni mace ce, Peugeot 404 ta mahaifinmu Allah ya jiƙansa muke son tayarwa ni da ƙannena. An kawo mana rim biyu masu noti uku an ce nata ne, amma ni sai nake ganin sun yi sirara. Ko duk mai noti uku ɗaya ne?

AMSA: Amin Hajiya, Allah ya gafarta masa. Idonki bai yi ƙarya ba, ba ɗaya ba ne. Faransawa sun daɗe suna son noti uku, 404 tana kan milimita 160, Citroën 2CV ma 160 ce kuma ita ma inci 15, Renault 4 kuwa 130 ce. Ki sa a auna tsakanin ramuka biyu a ninka da 1.155, in tazarar ta kai wajen 138 da rabi to 160 ne, in wajen 112 da rabi ce to na Renault ne, wannan ma ba zai shiga ba balle a yi gardama.

Wanda nake jin tsoro shi ne na 2CV, don ramukansa za su yi daidai da na motarku. Amma 2CV 'yar ƙaramar mota ce da nauyinta bai wuce kilo 600 ba, tayarta mai faɗin 125, ita ko 404 ta haura kilo 1,000 kuma tayarta 165 ce. Rim ɗin da aka yi wa waccan bai kamata ya ɗauki wannan ba ko da ya zauna. Ku ciro ɗaya daga cikin na jikin motar ku kwantar da su gefe da gefe, a gwada faɗi, a gwada zurfin baya da katako kamar yadda na gaya wa mai Mercedes a sama, a kuma ɗaga kowanne a hannu a ji nauyinsa. Kuma kar wani ya kawo muku na 504 ya ce ai duk Peugeot ce, ita noti huɗu ce a kan 140.

TAMBAYA: Tsohon rim na shekarun 1960 zai ɗauki taya tubles?

AMSA: Shafa hannunka a cikin rim ɗin kusa da inda bakin taya yake zama. In ka ji wani ɗan tudu da ya zagaye shi to an yi shi don tubles, tudun ne yake hana bakin tayar zamewa ciki in iska ta ragu kana shan kwana, kuma sau da yawa za ka ga an buga H ko H2 bayan lambar girman. In wurin sumul yake babu tudu, ko ka ga kan ƙusoshin ribit a cikin kwarin maimakon walda, ko rim ne mai waya irin na tsofaffin MG da Jaguar, sa tiyub. Kafin ka sa a kankare tsatsar ciki a shafa fenti ya bushe, mai waya kuma a naɗa masa robar da take rufe kawunan wayoyin, in ba haka ba su za su huda maka tiyub ɗin. In kuma tsatsa ta ci wurin zaman tayar har ya yi ramuka ramuka, ko ka ga tsaga ta taso daga ramin noti, wannan rim ɗin ya gama aiki, walda ba ta gyara shi.